Hutun Kirsimati a Cikin Jirgi: Yadda Muke Shirin Zuwa Tsibiran Yawuri

Mu mazaunan Sabon Gari da Fagge mun san jirgi ƙwarai, amma na ƙasa. Tun 1911 da hanyar jirgi ta iso Kano ake jin kukansa a nan. Unguwarmu ma jirgin ne ya haife ta, gama bayan zuwansa ne baƙi suka yawaita aka yanka musu Sabon Gari. Yaron da aka haifa kusa da tasha ya san tarago, ya san dogo, ya san inda dalar gyaɗa take a dā ko da bai tarar da ita ba. Amma ka tambaye shi yadda ake shiga kwalekwale, sai ya sunkuyar da kai. Ruwan da ya sani shi ne na famfo, da na 'yan garuwa, da na Jakara wanda kullum ake hana shi zuwa kusa da shi.

A makarantar ekklisiya inda muke koyarwa, kowace shekara mukan rubuta a allo cewa tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta. Yara su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci maki. Da wuya a sami ɗaya a cikinsu wanda ya taɓa sa ƙafa a kan tsibiri, 'ya'yanmu huɗu na gida kuwa ba su fi su ba. Mu kanmu ta tagar jirgin ƙasa muka fara ganin tsibiri, muna ƙanana, a kan hanyar Ikko. A Jebba jirgi yakan hau gada, ya bi ta kan tsibirin da ke tsakiyar Kwara, ya sāke hawa wata gada kafin ya kai wancan ƙetare. Kafin a gina gadar, taragun ake ɗorawa a kan jirgin ruwa a haye da su. Tun daga wannan tafiya muke marmarin mu ga tsibiri a tsanake, mu taka shi da ƙafarmu.

Shi ya sa shekara biyu ke nan muna zuba adashi, mu da wani iyali da muke sujada tare. Manya huɗu, yara bakwai, watau rai 11. Nufinmu mu yi kwana huɗu a Yawuri cikin hutun Kirsimati, mu ɗauki shatar jirgin ruwa mu zaga tsibiran da ke can. Muna rubuta yadda shirin yake tafiya domin mun sani akwai iyalai da ƙungiyoyin matasa masu irin wannan tunani, kuma kayan da za a ɗora wa jirgin 'ya'yanmu ne.

YADDA WASU SUKE YI

A ƙasashen Turawa irin wannan hutu sananne ne. Iyali sukan yi hayar ƙaramin jirgin shaƙatawa, mai tafiya da iska ko da inji, mai ɗakin kwana da wurin girki, na mako ɗaya ko biyu. Wanda ya iya tuƙi, ya kuwa nuna shaida, sai ya ajiye kuɗin jingina a ba shi jirgin. Wanda bai iya ba sai a haɗa shi da matuƙi. Abin lura shi ne wuraren da suke zaɓa. Masu ƙananan yara da sababbin hannu ba su fita tsakiyar teku. Sukan nemi inda tsibirai suka jeru suka tare iska, kamar tsibiran yammacin Girka, su Korfu da Lefkada da Itaka, ko kuwa tsibiran Birjin na Ingila a tekun Karibiyan, inda tsibirai suka sa wani mashigin ruwa a tsakiyarsu. Tafiyar yini ba ta wuce 'yan sa'o'i, ƙasa kullum tana gaban ido, kafin rana ta faɗi an ɗaure jirgi. Suna kuma duban lokaci. A Karibiyan guguwa tana da watanninta, daga Yuni zuwa Nuwamba. A Satumbar 2017 wata guguwa da aka sa wa suna Irma ta tara jiragen haya na tsibirin Tortola a kan juna kamar itacen girki.

Aljihun malamin makaranta ba zai kai Girka ba. Amma neman mafaka, da gajarta tafiya, da jiran lokacin da ya dace, masuntan Kwara sun san su tun kaka da kakanni. Abin da ya rage mana shi ne mu je mu koya a wurinsu.

Tafkin Kainji yana da irin wurin da muke nema. An fara gina madatsar a 1964 aka gama a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya yi tafki mai tsawon wajen kilomita 130, daga Kainji a Jihar Neja har Yelwan Yawuri a Jihar Kebbi. Fiye da mutum 40,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohon garin Busa yana ƙarƙashin ruwa, tare da duwatsun da Mungo Park ya halaka a wurinsu a 1806. Tafkin kuwa ba halinsa ɗaya ba. A tsakiya ya buɗe har faɗinsa ya kai wajen kilomita 24, a nan iska take samun fili ta tayar da raƙuman ruwa. A nan ne kuma tsibiran Foge suke, waɗanda a 2008 aka sa su cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa, ga tsuntsaye iri iri. Ta arewa kuwa, wajen Yelwa, tafkin ya matse ya koma kamar kogi, gaɓa tana kusa, tsibirai suna tare iska. Mutanen wurin suna ce wa tsibiri gungu. Daga nan aka sami sunan Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa da tuƙin jirgi, har gwanintarsu ta ruwa ce ake zuwa kallo a bikin Rigata na Yawuri. Tare da su akwai Sarkawa, masunta na gado. Wannan gefe na arewa muka zaɓa.

TAMBAYAR UWARGIDA

Ranar da muka fara kawo maganar a gida, uwargida ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, “Malam, ka manta da Bagwai?”

Ba wanda yake Kano a lokacin da zai manta. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya taso daga ƙauyen Badau zai haye ruwan madatsar Watari zuwa Bagwai, cike da yara 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, sa'o'in waɗanda muke koya wa karatu. Wata shida kafin wannan, ran 26 ga Mayu, a kan tafkin Kainjin nan da muke so mu je, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara, ya rabe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. A Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka nutse a Kwara wajen Patigi, cikin duhu.

Muka zauna da ita muka bi labaran nan ɗaya ɗaya. Sai muka ga abubuwa kaɗan ne suke ta maimaituwa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, da rashin rigar ruwa, watau rigar nan mai hana mutum nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. Amma hedkwatar hukuma tana Lokoja, jirgi yana bakin gaɓa, ba kowane mashigi ne yake da mai duba shi ba.

Mu kuma yi wa matuƙi adalci. Shi ma mai iyali ne. Bisa kan kowane fasinja ake biyansa. Man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Ranar kasuwa ce ranar samunsa, ga mutane a gaɓa suna roƙonsa kada ya bar su, wasu 'yan garinsu ne, wasu surukansa. Kuɗi da kunya su ne suke sa shi ya ƙara mutum biyar, ya ƙara buhu uku, ya tashi bayan magariba.

A nan ne amfanin shata yake. In muka ɗauki jirgi mai cin mutum 30 muka shiga mu 11, to, mun biya kuɗin wurin zama 19 da ba kowa a kai. Maigidan iyalin da za mu tafi tare, da farko ya ga wannan ɓarna ce. Ya buga lissafi ya nuna mana cewa da jirgin kasuwa, kuɗin shatar yini ɗaya zai kai mu ya komo da mu sau da yawa. Lissafinsa daidai ne. Sai dai wuraren nan da ba kowa su ne ainihin abin da muke saya, gama su ne suke ɗaga bakin jirgi sama da ruwa. Abu na biyu da muke saya shi ne ikon fasa tafiya. Mun daidaita a kan za mu biya matuƙi kuɗin yini cif, ko an tashi ko ba a tashi ba, mai kuwa mu saya dabam. Ta haka in ya dubi sama ya ce yau ba kyau, bai hana 'ya'yansa tuwo ba, ba shi da dalilin ɓoye mana gaskiya. Araha ba ta ado. Saboda wannan shawara muka ƙara wata huɗu a kan adashi, muka kuma soke ɗinkin Kirsimati na manya.

ABIN DA MUKA JI A BAKIN RUWA

Zuwa da kai ya fi saƙo. A hutun Ista da ya wuce, bikin wani abokin karatunmu na kwalejin horon malamai ya kai mu Yelwa, sai muka ƙara kwana ɗaya muka sauka bakin ruwa. Mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo matuƙi. Kafin mu kai wurinsa wani saurayi ya tare mu da farashi mai sauƙi, jirginsa ya sha fenti, amma tun da muka tsaya har muka wuce yaronsa bai daina kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka ba.

Dattijon bai fara da maganar kuɗi ba. Ya ce mu shiga jirginsa mu duba. Ya nuna mana cewa kowane jirgin katako yana ɗan tsiyayar ruwa, abin dubawa shi ne saurin taruwarsa. A kwarfe shi sarai, a yi hira, sa'an nan a sāke dubawa. Ya ce mu danna katakon da makulli ta ƙasa inda fenti bai kai ba, in ya lotsa, to, ya ruɓe. Ya tayar da inji a gabanmu. Ya nuna mana filafilai biyu da gorar tuƙi da igiya, domin ranar da inji zai ƙi. Ya ce ba ya fita shi kaɗai, kullum da yaro a gaban jirgi yana duban ruwa.

Muka ce, “Baba, wane lokaci ya fi kyau a kawo yara?”

Ya ce, “Malam, kada ka kawo su ƙarshen bazara, kada ka kawo su farkon damina. Hadari daga gabas yake tasowa, kafin ka juya kan jirgi ya iso. Ka zo da baƙin ruwa.”

Ga ma'anar maganarsa. A wannan yanki Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Na fari ruwan daminarmu ne, yakan zo wajen Agusta zuwa Oktoba, cike da laka, shi ake ce wa farin ruwa. Na biyu ruwan da ya sauka can tuddan ƙasar Gini ne. Yakan yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya ajiye lakarsa a can, ya iso nan wajen Disamba zuwa Fabrairu garau. Shi ne baƙin ruwa, a lokacinsa kuwa tafki a cike yake. Cikar nan tana da muhimmanci, gama ba duka itatuwan da ruwa ya cinye a 1968 aka sare ba. Kututturansu suna nan a ƙasa, sa'ad da ruwa ya ja baya sai su kusanci cikin jirgi. Hutun makaranta na Kirsimati ya faɗo daidai kan cikar ruwa, ba hadari, ba tsawa. Abin da yake akwai shi ne sanyin hunturu da iskarsa da hazo mai ɓoye gaɓa, shi ya sa ba za mu yi nisa da ita ba.

Muka tambaye shi zancen dorina, gama akwai su a ruwan Yawuri. Ya ce ya san wuraren da suke kwanciya, yana kewaye su daga nesa, kada kuwa wani yaro ya ce a matsa kusa domin hoto. Baƙo ko da ido makaho ne. A kan ruwa maganar dattijon nan ce za ta ci, ba tamu ba.

TSARIN KWANA HUƊU

A tudu za mu riƙa kwana, gidan mai masaukinmu, cikin gidan sauro. Ranar fari ba tafiya mai nisa, sai ɗan zagaye kusa da gaɓa domin yara su koyi zama a jirgi: ba miƙewa tsaye, ba taruwa gefe ɗaya, ba sa hannu a ruwa. Rana ta biyu mu je tsibiran kusa mu ga gonakin albasa. Rana ta uku mu ziyarci tungar masunta. Rana ta huɗu mun bar ta a buɗe, ko da iska za ta hana mu ɗaya daga cikin sauran. Kowace rana sai rana ta fito sosai za mu tashi, tafiya ɗaya kada ta wuce sa'a guda ba a taka ƙasa ba, ƙarfe uku kuwa mun juyo.

Foge mun cire shi. Ɗanmu na fari, mai son tsuntsaye, ya yi kwana biyu yana fushi. Ya ce, “Baba, mu je har Yawuri mu komo ba mu ga Foge ba?” Muka shimfiɗa masa taswira muka nuna masa faɗin ruwan da za a shiga, da tsawon lokacin da ƙanwarsa 'yar shekara biyar za ta yi nesa da gaɓa. Ya yi shiru, amma bai ce ya yarda ba.

Rigunan ruwa namu za mu tafi da su, kowa da tasa daidai jikinsa. Rigar babba ba ta da amfani ga yaro. A sa masa, a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga. In ta zame ta rufe masa kunne, ta yi masa yawa. Kowane babba an ɗanka masa yaran da zai lura da su, da sunansu. Za mu bar jerin sunayenmu da lambar wayar matuƙi a hannun mai masauki, wayoyinmu kuwa cikin leda a ɗaure. Ruwan sha daga gida. Wanka ko wasa a bakin tafki babu, saboda tsargiya.

Akwai kuma zancen ladabi. Tsibiran nan gidajen mutane ne, wasunsu iyayensu sun riga sun rasa gari sau ɗaya saboda wutar lantarkin da muke kunnawa a birni. In mun sauka, mai gari za mu fara gaisarwa. Ba ɗaukar hoton kowa sai da izininsa. Albasa da kifi mu saya ba tare da matsa musu a ciniki ba.

Sa'ad da muke wannan tsari, sai labarin tafiyar Bulus zuwa Roma cikin Ayyukan Manzanni sura 27 ya zama mana sabo. Matuƙan nan ma mafakar tsibiri suka yi ta bi, ta jikin Kubrus, sa'an nan ta jikin Karita. Lokacin tafiyar teku ya riga ya wuce, Bulus ya ce a dakata. Amma jarumin sojan ya fi jin maganar matuƙi da ta mai jirgin, aka ce a ɗan matsa gaba zuwa tashar da ta fi daɗin zama. Iska mai laushi ta rinjaye su suka tashi. Wannan 'yar gajeriyar tafiya ita ce ta zama kwana 14 cikin guguwa, da rai 276 a jirgi, har ya farfashe a Malita. Allah ya cece su duka, jirgi da kaya kuwa suka tafi. Mun karanta wa yara wannan sura a sujadar yamma. Muna dogara ga kiyayewar Ubangiji, amma dogarar ba ta ba mu izinin tashi ranar da ya kamata a dakata ba.

HANYA

Saura hanyar zuwa, ita ce kuwa ba ta hannunmu. Hanyar jirgin ƙasa ba ta kai Yawuri ba. Mai bin dogo daga Kano ta Zariya da Kaduna da Minna, sai ya sauka a Zungeru ko Mokwa ya shiga mota ta Kontagora. Jirgin fasinja na Kano zuwa Ikko kuwa ya sha tsayawa ya sha komowa, don haka ba za mu ɗora shiri a kansa ba sai mun taka zuwa tasha mun ji daga bakin ma'aikata. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne 'yan bindiga a hanyoyin Neja da Kebbi. A Yunin 2021 aka kwashi ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, malamin makaranta kuwa ba ya jin irin wannan labari ya manta. Ba amfani mu tsare yara daga ruwa mu ba da su ga hanya.

Saboda haka mun sa wa kanmu ƙa'ida tun yanzu, tun zumuɗi bai rufe mana ido ba. Kwasar adashi tana faɗo mana a Oktoba. A ƙarshen Nuwamba za mu buga wa mai masaukinmu waya, da faston ekklisiyarsu, da direbobin da suke bin hanyar kowane mako. In ɗaya daga cikinsu ya ce a dakata, mun dakata, ba gardama. Kuɗin su jira baɗi. A madadin haka za mu kai yara madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, wajen kilomita 70 kudu da Kano, mu yini a bakin ruwa mu komo. In za a shiga jirgi a can ma, sharuɗan nan ne dai: shata, rigar ruwa, rana tsaka. Uwargida ta ce in haka ne ta yarda.

Masu karatu da ke zaune a Yelwa, ko Wara, ko Sabuwar Busa, kun fi mu sanin ruwanku da hanyarku. In kun ga abin gyara a cikin shirin nan, muna roƙo ku rubuto mana ta hannun edita kafin watan Nuwamba.